Ra'ayinmu: A Duba Fitsarin Mai Ciwon Sukari Tun Kafin A Kai Ga Wankin Ƙoda

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora. A nan ne hanya ke rabuwa, guda ta miƙe zuwa Zariya da Kaduna, guda kuma ta karkata ta bi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, ta ratsa ƙasar Doguwa, ta nufi Saminaka da Jos. Mutanen Tudun Wada da Doguwa, da wani sashe na Kiru da Bebeji, ta nan suke fitowa idan za su birni. Ta nan masara da shinkafar da suka noma ke wucewa zuwa kasuwannin Kano, ta nan kuma ake wucewa da marasa lafiyarsu idan ciwo ya gagari asibitin kusa. A cikin waɗannan marasa lafiya akwai wani rukuni da muka ga ya wajaba mu yi magana a kansa a wannan fitowa, watau masu ciwon sukari waɗanda ba a farga da halin da ƙodarsu ke ciki ba, sai ranar da ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi nauyi, likita ya ce sai an yi wankin ƙoda.

Abin da muke son faɗa ba shi da wuyar fahimta. Ƙodar mai ciwon sukari takan ba da sanarwa shekaru da dama kafin ta gaza, sanarwar kuwa a cikin fitsari take. Gwajin da ke gano ta mai sauƙi ne, kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin wanki ko sau ɗaya ba. Saboda haka muna ganin haƙƙi ne a kan hukuma ta kai wannan gwaji inda talakawa suke, haƙƙi ne kuma a kanmu, mu da aka kashe wa dukiyar jama'a muka yi karatu, mu wayar da kan iyayenmu har su nemi a yi musu shi.

Ciwon sukari ya daina zama ciwon attajiran birni kamar yadda aka ɗauka a da. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 manyan mutane miliyan 589 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma a nahiyarmu ta Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. A nan gida, a shekarar 2018, wasu likitoci a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andrew Uloko na Jami'ar Bayero sun tattara binciken da aka yi a sassan Nijeriya, suka ƙiyasta cewa kusan mutum 6 cikin 100 na da ciwon, a arewa maso yamma kuwa kimanin 3 cikin 100. Wani zai ce ai 3 cikin 100 ba yawa. To, mu yi lissafi. A cikin kowane mutum 10,000 ana maganar mutum 300 ke nan. Likitoci sun tabbatar cewa kimanin ɗaya daga cikin kowane uku masu ciwon sukari yakan gamu da lalacewar ƙoda, watau mutum 100 daga cikin 300 ɗin nan. Duk wanda ya san yawan jama'ar da ke tsakanin Tiga da Riruwai zai gane cewa ba ƙaramin al'amari muke magana a kai ba.

Domin a fahimci yadda sukari ke ɓata ƙoda, sai a fara sanin aikin ƙodar. Allah ya yi wa ɗan Adam ƙoda biyu, kowace na ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya iya gani. Dare da rana jini na bi ta cikinsu, suna tace ruwan da ya kai lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba tare da dattin jiki, wanda shi ne fitsari. Kowace matata kamar rariya take: tana barin ruwa da datti su wuce, ta riƙe abin da jiki ke bukata. Daga cikin abin da take riƙewa akwai wani furotin mai suna albumin, ɗan'uwan abin nan da ke sa farin ƙwai ya daskare idan an dafa shi. Idan sukari ya daɗe da yawa a cikin jini, sai ya riƙa cin ƙananan jijiyoyin da ke cikin matatan, ya tilasta musu aikin da ya fi ƙarfinsu, har rariyar ta soma yagewa. Da zarar ta yage sai albumin ya fara zurarewa cikin fitsari. Idan hawan jini ya haɗu da sukari, kamar yadda yakan faru ga mutane da yawa, sai ɓarnar ta ninka, domin kuwa jini na dukan rariyar da ƙarfi, ita kuma ƙodar da ta raunana tana ƙara hawan jinin.

Inda matsalar take shi ne, duk wannan ɓarna a ɓoye take faruwa. Mutum na iya rasa fiye da rabin ƙarfin ƙodarsa yana zuwa gona, yana cin kasuwa, bai ji ciwon komai ba. Alamun da jama'a suka sani, irin su kumburin ƙafa da fuska, da fitsari mai kumfa kamar an zuba sabulu, da kasala, da ƙaiƙayin jiki, da tashin zuciya, da rashin son abinci, yawanci ba su bayyana sai aski ya zo gaban goshi. A lokacin ne kuma za ka ji ana cewa sammu ne, ko jifa aka yi masa, a shiga yawon neman magani, a sayar da akuya, a jinginar da gona, kafin a yanke shawarar tafiya asibiti.

Ilmin da muke magana a kai ba sabo ba ne. Tun a shekarar 1827 wani likita a Landan mai suna Richard Bright ya lura cewa fitsarin masu kumburi yakan daskare idan an ɗora shi a wuta, ya kuma danganta haka da ciwon ƙoda. A 1936 wasu likitoci biyu, Kimmelstiel da Wilson, suka bayyana irin tabon da ciwon sukari ke bari a cikin matatan ƙoda. A farkon shekarun 1980 kuma masu bincike a Ingila da Denmak suka nuna cewa ɗan albumin kaɗan a fitsari, wanda ido ba ya gani, yana nuna wanda ƙodarsa ke cikin hatsari tun shekaru kafin ciwon ya fito fili. Watau yau fiye da shekara arba'in ke nan duniya ta san wannan. Abin tambaya shi ne, me ya hana wannan sani isa ga manomin Doguwa?

Ga yadda ƙa'idar take a wurin likitoci. Mai ciwon sukari irin wanda ke kama manya, wanda shi ne ya fi yawa a cikinmu, ya kamata a duba fitsarinsa tun ranar da aka gano ciwon, domin sau da yawa ciwon ya daɗe a jikinsa kafin a gano. Daga nan kuma a riƙa dubawa aƙalla sau ɗaya kowace shekara. Mai irin wanda ke kama yara da matasa, wanda sai da allurar insulin, ana fara duba nasa bayan shekara 5 da kamuwa. Ana auna yawan albumin ne a gwada shi da wani sinadari mai suna kiriyatinin da ke cikin fitsarin. Idan sakamako bai kai 30 ba, to lafiya lau. Daga 30 zuwa 300, rariya ta soma yoyo, kuma wannan ne lokacin da magani ya fi amfani. Abin da ya haura 300 kuwa, ɓarna ta yi nisa. Tare da wannan ana ɗibar jini a auna kiriyatinin ɗin da ke cikinsa, a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 har wata 3, ƙoda ta raunana. Idan ya faɗi ƙasa da 15, ta kusa gazawa gaba ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, 'yar takardar nan da aka saba tsomawa a fitsari a ga ko ta sauya launi ba ta kama albumin sai ya yi yawa. Ta fi babu, amma wanda aka ce masa takarda ba ta nuna komai ba kada ya ɗauka ya tsira, ya nemi a yi masa awon albumin na sosai. Na biyu, gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Zazzaɓi, da ciwon mafitsara, da aikin ƙarfi, da jinin al'ada, duk suna iya sa furotin ya fito na ɗan lokaci. A yankin da ake noman rani da wanka a ruwan madatsar Tiga da magudananta kuma, dole a tuna da tsargiya, wadda ke sa jini da furotin a fitsari ko da ƙoda lafiyarta ƙalau. Don haka likitoci ke maimaita gwajin, sai biyu daga cikin uku sun nuna a tsakanin wata 3 zuwa 6 kafin su tabbatar.

Mai karatu na iya cewa, to in an gano, sai me? Da a ce babu abin yi, da ba mu ɓata takarda ba. A 1993 aka tabbatar cewa wani maganin hawan jini mai suna captopril yana rage saurin lalacewar ƙodar masu ciwon sukari. A 2001 aka tabbatar da haka ga losartan da irbesartan. Waɗannan magunguna da danginsu, irin su lisinopril, sun daɗe a kasuwa, kuma ba su cikin masu tsada. Daga 2019 zuwa 2022 kuma manyan bincike uku sun nuna cewa wasu sababbin magungunan sukari, watau canagliflozin da dapagliflozin da empagliflozin, suna kāre ƙoda da zuciya, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba a shekarar 2021. Idan aka haɗa da daidaita sukari, da riƙe hawan jini ƙasa da 130 bisa 80, da barin taba, da rage gishiri zuwa abin da bai kai giram 5 a rana ba, watau ƙaramin cokali guda har da wanda ke cikin dunƙule, to mutum na iya jinkirta gazawar ƙoda shekaru masu yawa, wani ma har ya gama kwanansa bai ga injin wanki ba. Sai dai muna gargaɗi: waɗannan magunguna ba na saye a kemis bisa jin labari ba ne. Mai ciki ba ta shan su lisinopril da losartan, kuma duk mai shansu sai an riƙa duba jininsa. Ko metformin da yawancin masu sukari ke sha, likita kan rage shi ko ya dakatar da shi idan ƙoda ta yi rauni, wanda wannan ma wani dalili ne na sanin halin da ƙodar ke ciki.

Yanzu mu dubi ɗaya hanyar, wadda ake bi idan an makara. Wanda ƙodarsa ta gaza yana bukatar wanki sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rayuwarsa ko har a yi masa dashe. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa naira 12,000. Mun yaba da wannan. Amma ko a farashin ragin, wanki 12 a wata ya kama naira 144,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Watau ƙaramin ma'aikaci zai ba da fiye da albashinsa na wata biyu kafin ya biya wankin wata ɗaya, ban da ƙarin jini, da allurai, da kuɗin mota. Wanda zai taso daga Riruwai ko Tudun Wada sau uku a mako kuma, ga shi shi da mai rakiya, sai dai ya tare a Kano ko Zariya, ya bar gona da iyali. Abin da ke faruwa a ƙarshe sananne ne: a yi wanki ɗaya yau, a jira sai an sami kuɗi, a sake ɗaya bayan mako biyu, har dukiya ta ƙare, mai ciwon ma ya tafi. Dashen ƙoda kuwa, ko da yake Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara yin sa tun 2002, abin alfahari ga jiharmu, kuɗinsa miliyoyi ne, sa'an nan sai an sami mai ba da ƙodar, sai kuma shan magani mai tsada har abada.

Ba mu ce a daina sayen injin wanki ba. Waɗanda ƙodarsu ta riga ta gaza 'yan'uwanmu ne, suna da haƙƙi. Abin da muke ƙi shi ne tsarin da ke zuba kuɗi a ƙarshen ciwo ya manta da farkonsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Injin wanki ana yanka masa kintinkiri, a ɗauki hoto, a sa a rediyo. Kwalbar fitsari kuwa babu mai kiran makaɗa dominta. Tun taron Alma-Ata na 1978 ƙasashen duniya suka amince cewa lafiya daga matakin farko ake gina ta, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya kafa wannan tsari a Nijeriya lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a wannan mataki. Idan gwajin fitsarin mai ciwon sukari bai shiga wannan kaso ba, to me zai shiga?

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da su yi abubuwa huɗu. Na ɗaya, kowane asibitin karkara ya buɗe littafin masu ciwon sukari da hawan jini, da suna da ƙauye da ranar gwajin ƙarshe, kamar yadda ake yi wa masu awon ciki da rigakafin yara. Na biyu, a sa awon albumin a fitsari da awon kiriyatinin a jini cikin abin da ake yi wa kowane mai ciwon sukari sau ɗaya a shekara, kyauta ko a farashin da talaka zai iya. Ba lalle ne kowane ƙauye ya sami ɗakin gwaje-gwaje ba, domin fitsarin da aka adana a sanyi yana iya yin kwanaki bai ɓaci ba. Akwatin sanyin da ke kai allurar rigakafi ƙauye irinsa zai iya dawowa da kwalabe, kuma da yake hanyoyin yankin a Kwanar Dangora suke haɗuwa, ba mu ga abin da zai hana a yi matattara a can ba, a riƙa kwasa mako mako, a mayar da sakamako ta waya. Na uku, a tabbatar magungunan kāre ƙoda ba su yankewa a kantin asibiti. Na huɗu, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake yankar albashin ma'aikata dominta kowane wata, ta bayyana wa masu biya a fili cewa wannan gwaji na cikin haƙƙinsu, in kuwa ba ya ciki, a sa shi.

Haka kuma muna kira ga hukumomin da ke kula da sayar da magani su dubi abin da ake tallatawa a tasha da bakin kasuwa. Ƙodar da sukari ya raunana ba ta jure magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda manomi da direba da ɗan dako ke haɗiya kullum da sunan maganin gajiya, sau da yawa a cikin haɗin da ba su san abin da ke ciki ba. Haka jiƙe-jiƙe da tsimin da ake shelarsu da lasifika, ana cewa suna wanke ƙoda ko suna kashe sukari. Ba mu raina maganin gargajiya ba, da shi aka rene mu. Amma kwalbar da ba a san abin da aka zuba mata ba, ba a san ma'auninta ba, mai ciwon sukari ya yi nesa da ita. Malamanmu da limamai su ma suna da rawar takawa, musamman gabanin azumi. Wanda ƙodarsa ta yi rauni ya tuntuɓi likita kafin ya ɗauki azumi, addini kuwa ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame.

Sauran magana tamu ce, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata. Mu ne ake kira a waya idan an kwantar da Baba ko Inna, mu ne ake turo wa takardar kuɗin wanki, mu ne ke bin abokai da neman gudummawa. Tun da haka ne, gara mu kashe kaɗan yau da mu nemi mai yawa gobe ba mu samu ba. Duk wanda ke da mai ciwon sukari a gida, idan ya je hutun nan, ya karɓi katin asibitinsa ya duba. In ya ga awon sukari kaɗai ake rubutawa wata da watanni, ya raka shi asibiti, ya tambayi malamin asibiti cikin ladabi a duba fitsari da ƙarfin ƙoda, ya rubuta sakamakon da kwanan wata, ya ajiye domin a gwada da na baɗi. Mun san akwai nauyi ɗa ya yi wa mahaifinsa maganar fitsari, balle mahaifiyarsa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inda nauyin ya yi yawa, a sa yaya ko gwaggo ta yi maganar. Ƙungiyoyin ɗalibai na waɗannan ƙananan hukumomi huɗu kuma, maimakon kuɗinsu ya ƙare a liyafa da ba 'yan siyasa lambar yabo, su haɗa kai da ɗaliban likitanci da na gwaje-gwaje su fita ranar kasuwa. Ga ranar ciwon sukari ta duniya, 14 ga Nuwamba, ga kuma ranar ƙoda ta duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda aka gwada aka ga alama, a haɗa shi da asibitin da zai ci gaba da duba shi, kada a tsorata mutum a bar shi da takarda a hannu.

Mu kanmu kada mu ɗauka ƙuruciya ta kāre mu. Wanda iyayensa ke da ciwon sukari ya fi kowa kusa da shi, zaman ofis da lemon kwalba da teɓa kuma suna gaggauta zuwansa. Wanda ya kamu yana ɗan shekara talatin, ƙodarsa na da shekaru masu yawa da za ta yi tana fama. Mu auna sukarinmu da jininmu, mu kai iyayenmu a duba fitsarinsu, mu kuma riƙa tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, a duk inda muka haɗu da su, yaushe wannan gwaji zai iso asibitin garinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba shugabanninmu ikon jin kira, amin.